Yadda zaka haɗa bidiyon gudun gajimare daga tsofaffin fayilolin tauraron ɗan'adam

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce kana son haɗa irin bidiyon nan da ake ganin gajimare na gudu a saman duniya, guguwa na juyi, dare na shiga rana na fita, amma daga bayanan shekarun baya ba na yau ba. Ka ce ka sauke wasu fayiloli masu ƙarewa da .nc kwamfuta taƙi buɗe su a matsayin hoto, kuma da ka lallaɓa ka fitar da hotuna ka jera su sai bidiyon ya fito yana ta ƙifce-ƙifce kamar tocilan da batirinta ya kusa mutuwa. To wannan ƙifce-ƙifcen na san shi sarai, nima ya taɓa cinye min kwana biyu cur, kuma anan gizo ke saƙar, amma bari mu faro daga tushe tukuna.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai: fayil ɗin nan ba hoto bane. NetCDF ne, wato wani babban teburi na lambobi, kowace lamba awo ce da na'urar tauraron ta yi a wani ɗigo na doron ƙasa, ko yawan hasken rana da wurin ya mayar ko kuma zafin da yake fitarwa. Babu launi a ciki ko kaɗan. Kai ne zaka yanke cewa lamba kaza fari ce lamba kaza baƙa ce. Idan baka yanke ba manhaja zata yanke maka, kuma zata yanke wa kowane hoto nasa hukuncin daban, shi yasa bidiyonka ke ƙiftawa. Zan dawo kan wannan.

Wane tauraro ma kake so? Taurarin yanayi kala biyu ne. Akwai masu bi ta kan dungun duniya na arewa da kudu, irin Terra da Aqua masu ɗauke da na'urar awo ta MODIS, ko Suomi NPP mai na'urar VIIRS, waɗannan suna ƙasa-ƙasa, hotonsu tar yake amma wuri ɗaya sau ɗaya ko biyu suke leƙa shi a yini, saboda haka ba zasu baka gudun gajimare ba sai dai canjin kwanaki, kamar yadda ƙasa ke yin kore ko ƙanƙara ke ja da baya. In wannan kake so ma ba sai ka wahala ba, shafin Worldview na NASA yana haɗa maka shi da kansa. Waɗanda kake buƙata su ne masu tsayawa cak a sama da ikwaita a nisan kilomita 35,786, suna zagaye daidai da juyawar duniya shi yasa kullum fuska ɗaya suke kallo. Na Amurka su ne GOES, hukumar NOAA ke riƙe da su. Na Turai Meteosat, na hukumar EUMETSAT da ke Darmstadt a Jamus, su ke kallon Afirka da Turai da gabashin Atlantika daga digiri 0, akwai kuma wani nasu da ke kallon tekun Indiya. Na Japan Himawari, yana digiri 140.7 gabas yana kallon gabashin Asiya da Ostireliya da yammacin Pasifik. Wurin da abin ya faru shi zai zaɓa maka tauraro ba son ranka ba, kuma ka guji abin da ke can bakin faifan duniya, wato gefen da'irar duniya yadda tauraron ke hango ta, domin a can ɗigon yana miƙewa hoton ya koma kamar an ja roba.

Wajen samun fayilolin, GOES yafi kowa sauƙi gaskiya. Tun daga GOES-16 da aka harba a Nuwamba 2016 bayanan suna nan zube a rumbun Amazon kyauta, ko akawun baka buƙata. Ka saka manhajar aws a kwamfutarka ka rubuta

aws s3 ls --no-sign-request s3://noaa-goes16/ABI-L2-CMIPF/2019/244/12/

zaka ga jerin fayiloli. Kalli tsarin: shekara, sannan 244, sannan awa. Wannan 244 ɗin ba wata bane ba kuma kuskure bane, lambar rana ce a cikin shekara, 1 ga Satumba 2019 kenan, ranar da guguwar Dorian ta afka wa tsibiran Bahamas kafin ta je ta kafe a kan Grand Bahama kamar an ɗaure ta. Ka kula da shekara mai 29 ga Fabrairu, daga Maris lissafin yana gocewa da kwana ɗaya, mutane da yawa sun sauke ranar da ba ita ba saboda wannan. A sunan fayil zaka ga C13 ko C02, lambar tasha kenan, wato zangon hasken da na'urar ta auna, zaka ga M6 ko M3, tsarin ɗauka kenan, sai harafin s da dogayen lambobi a bayansa, lokacin da aka fara ɗaukar hoton kenan, akwai kuma e na gamawa da c na lokacin da aka ƙirƙiri fayil ɗin. Da s zaka jera hotunanka, ba da c ba. Kuma duk lokutan UTC ne, wato agogon duniya na bai-ɗaya irin GMT, ba agogon garin da guguwar ta faɗa ba. Wani abu kuma, tun Afrilu 2025 GOES-19 ne ya karɓi aikin kallon gabashin Amurka da Atlantika daga hannun GOES-16, in kana neman abin da ya faru bayan nan sai ka canza sunan rumbun zuwa noaa-goes19.

Himawari ma yana rumbun Amazon ɗin, sai dai nasa fayilolin a yanke suke gida goma-goma kuma a matse, sai an haɗa su. Meteosat kuwa sai kayi rajista da Data Store na EUMETSAT, kyauta ce, su baka makulli, sannan ka sauke da wata ƴar manhajarsu mai suna eumdac. Na'urarsu SEVIRI tana ɗaukar duniya duk minti 15 da tashoshi 12, kuma ajiyarta ta koma har 2004, wanda ba ƙaramin arziki bane. Matsalar kawai fayil ɗinta na .nat duk tashoshin ne a dunƙule, kusan megabait 270 kowane ɗaya, sau 96 a yini kaga wajen gigabait 26 kenan na kwana ɗaya tak. Sabon nasu Meteosat-12 da aka harba a Disamba 2022 yana ɗauka duk minti 10 kuma yafi tsabta amma ajiyarsa bata yi nisa ba tukuna.

In kuma tsohon zamani kake nufi da gaske, shekarun 1980 da 1990, kada ka fara da ɗanyen fayilolin tsofaffin GOES da ke rumbun CLASS na NOAA, zaka sha wahalar tsarinsu. Akwai GridSat-B1, an riga an tattaro taurari daban-daban an ɗora su kan taswira guda, daga 1980, duk awa uku, ɗigonsa digiri 0.07. Daga shekarar 2000 kuma akwai haɗaɗɗen infared, wato awon zafi, na kilomita 4 duk rabin awa a rumbun GES DISC na NASA. Zaka ga ɗinki a inda tauraro ya haɗu da tauraro, wannan ba laifinka bane haka yake.

Yanzu kafin ka danna saukewa ɗauko biro kayi lissafi, don wallahi yawancin masu wannan aikin a nan suke faɗuwa, su cika faifan ajiya da abin da ba zasu taɓa amfani da shi ba. Hoto duk minti 10 shi ne hoto 144 a yini. In bidiyonka na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, yini guda daƙiƙa 6 ne. Na Meteosat mai minti 15 daƙiƙa 4. Guguwar kwana goma kaga minti ɗaya kenan, daidai wa daida. Amma ka ce shekara guda zaka yi da minti goma-goma, hoto 52,560 kenan, bidiyon minti 36 da rabi, wa zai zauna ya kalla? Shekara ana yinta ne da awa uku-uku, hoto 2,920, minti biyu da ƴan daƙiƙu, kuma a nan ne zaka ga ɗamarar gajimaren ikwaita tana hawa arewa tana saukowa kudu. Wato tsawon labarin shi ke faɗa maka tazarar hotuna. Sannan tasha ɗaya zaka sauke ba goma sha shida ba. Tasha ta 13 ta GOES, faifan duniya gaba ɗaya ɗigo 5424 sau 5424 ne, megabait ashirin da wani abu. Tasha ta 2 mai rabin kilomita kuwa 21696 sau 21696 ce, ɗaruruwan megabait kowane fayil, in ka buɗe biyu uku lokaci guda ƙaramar kwamfuta sai ta sandare. In abin da kake bi yana cikin yankin Amurka akwai CMIPC mai zuwa duk minti 5 kuma ƙarami, akwai CMIPM na ƴan akwatunan da ake bin guguwa da su duk minti ɗaya, sai dai su waɗannan akwatunan ana matsar da su daga wuri zuwa wuri, kada ka ɗauka wuri ɗaya suke kallo.

Wace tasha? Ni shawarata ga mai farawa kullum ɗaya ce, infared mai tsawon zango wajen maikiron 10 zuwa 11. A GOES C13 ce, a Himawari B13, a Meteosat IR_108. Dalili, ita zafi take aunawa ba hasken rana ba, dare da rana duk ɗaya ne a wurinta, bidiyonka ba zai riƙa nutsewa cikin duhu duk bayan daƙiƙa uku ba. Lambobinta zafi ne a ma'aunin Kelbin, in ka cire 273.15 ka samu Salsiyas. Kan hadari mai tsawo yana iya sauka ƙasa da 200, wato sanyin da ya wuce digiri 70 ƙasa da sifili, hamada da tsakar rana kuma ta haura 310 hankali kwance. Al'adar masu aikin ita ce a juya launin, sanyi ya zama fari zafi ya zama baƙi, don gajimare su fito farare yadda ido ya saba. Ka tabbata dai fayilolin L2 masu CMIP ka ɗauko, a cikinsu an riga an mayar da awon zuwa Kelbin ƙarƙashin suna CMI. Na L1b ɗanye ne, Rad zaka gani, sai ka bi ta lissafin Planck da lambobin da ke cikin fayil ɗin, ba wuya amma me ya kai ka tun da wani ya riga ya yi maka.

To ga maganar ƙifce-ƙifcen. Lokacin da na fara, na haɗa kwana uku na wata guguwa, kowane hoto in na buɗe shi shi kaɗai gwanin sha'awa, amma da na kunna bidiyon sai teku ya riƙa yin haske yana yin duhu, haske duhu, har ido ya yi ciwo. Na zargi ffmpeg, manhajar da ke haɗa hotuna su zama bidiyo, na zargi fayilolin na sake sauke rabinsu, ashe layi ɗaya ne. Umarnin imshow na matplotlib, manhajar zana hoto a harshen kwamfuta na Python, in baka bashi iyaka ba, yana duba lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma a cikin wannan hoton kaɗai ya shimfiɗa launinsa a tsakaninsu. A hoton ƙarfe 12 kan hadari mafi sanyi 195 ne, a na 12 da minti 10 ya zama 188, shikenan duk sauran duniya ta canza launi alhali ruwan tekun bai motsa da ko rabin digiri ba. Maganin kenan:

plt.imshow(zafi, cmap='gray_r', vmin=190, vmax=310)

Ka kafe 190 da 310 ɗin nan tun hoton farko har na ƙarshe. Ba dole sai su ba, in hadari kawai ka damu da shi kana iya matsewa, amma duk abin da ka zaɓa kada ya motsa. Hanya mai kyau ita ce ka buɗe hotuna kamar goma daga wurare daban-daban na lokacin, na rana da na dare, ka ga inda lambobin suka tsaya sannan ka yanke. Masu amfani da Satpy, manhajar Python ta sarrafa bayanan taurari, su ma basu tsira ba, don in abu bashi da tsararren launi nasa, tana miƙa launin gwargwadon abin da ke cikin hoton ne, sai ka bata naka iyakokin.

Bayan ka gyara wannan zaka ga har yanzu ƙasa tana numfashi, musamman hamada, tayi baƙi da rana ta yi toka-toka da asuba. Wannan kada ka taɓa shi, gaskiya ce, ƙasar ce ke ɗumama tana hucewa, kuma a ganina yana cikin abubuwan da suka fi kyau a bidiyon. Teku ne ma'auninka, in teku na ƙiftawa laifinka ne, in ƙasa ce kaɗai to duniya ce ke aikinta.

Abu na biyu da dole ya kafe shi ne taswira. x da y na cikin fayil ɗin GOES ba digirin taswira bane, kusurwar da madubin na'urar ya karkata ce, sai ka ninka su da tsayin tauraron da ke rubuce a goes_imager_projection kafin su zama mita. Kuma akwai wani ɗan tarko, wajen ɗaukar hoto layi-layi GOES yana shara ta x ne, Meteosat da Himawari ta y, in ka saka ba daidai ba bakin teku zai goce daga inda yake ka rasa dalili. Kada kuma ka rubuta wurin tauraron da hannu, ka karanto shi daga kowane fayil. Misali a damunar guguwa ta 2017, lokacin Harvey da Irma da Maria, GOES-16 yana digiri 89.5 yamma ne ana gwajinsa, sai a Disambar shekarar ya koma 75.2. Wanda ya haɗa bidiyon da ya ratsa wannan lokacin ba tare da sake shimfiɗa hotunan kan taswira ɗaya ba, zai ga nahiya sukutum ta yi tsalle. Fayilolin SEVIRI su kuma a kife suke zuwa, kudu a sama, saboda daga kudu na'urar ke fara shara, kada ka firgita.

Duk wannan ciwon kan shi yasa nake cewa in dai ba koyon cikin injin kake so ba, ka kama Satpy. Tana da mai karanta kowanne, abi_l1b da abi_l2_nc na GOES, ahi_hsd na Himawari, seviri_l1b_native na Meteosat, ka bata fayiloli, ka ce ta loda tasha kaza, ka ayyana yankinka sau ɗaya da faɗinsa da tsawonsa, kowane hoto ka ce ta zuba shi a wannan yankin. Ka yanke yankin tun da wuri kafin komai, aikin zai yi sauri ninkin ba ninkin. In kuma tauraro ɗaya ne bai motsa ba kuma faifan duniya kake so yadda yake, ba sai ka sake shimfiɗa komai ba ma, xarray, manhajar Python mai buɗe fayilolin NetCDF, kaɗai ya isa, kuma ni na fi son ganin duniya a zagayenta.

Ɗan abu game da layin bakin teku: zaka ga dogon hadari kamar ya ɗan kauce daga inda aka ce ruwan ya sauka. Tauraron a karkace yake hango shi, kan hadarin kuma yana sama da kilomita goma sha, sai ya bayyana ya matsa nesa da tauraron. Don bidiyo ba sai ka gyara ba, kawai kada ka yi rantsuwa da shi.

Na uku shi ne lokaci, kuma wannan yafi ɓuya. Ajiyar nan ba cikakkiya bace. Himawari da gangan baya ɗauka a 02:40 da 14:40 UTC kullum, lokacin gyare-gyarensa ne. GOES kafin Afrilu 2019 duk minti 15 yake ɗaukar duniya, bayan nan ya koma minti 10, shi ne M3 da M6 ɗin da ke sunan fayil. Wani lokacin awa guda ko biyu su ɓace gaba ɗaya, wani lokacin fayil ya zo da rabi baƙi ko da zane-zane. In ka jera abin da ka samu kawai, gajimare zasu riƙa tafiya suna zabura. Yadda nake yi, na fara rubuta jerin lokutan da ya kamata a samu, daga farko zuwa ƙarshe da tazara ɗaya, sannan kowane lokaci na nemo fayil mafi kusa da shi, in babu a cikin ƴan mintuna sai na maimaita hoton baya. Gara bidiyo ya ɗan tsaya da ya yi tsalle, don agogon ya ci gaba da tafiya daidai. Lalatattun kuma ina ƙirga ɗigon da babu awo a cikinsu, in sun wuce na sauran hotuna sosai na jefar, akwai ma DQF a fayil ɗin da ke nuna ingancin kowane ɗigo. Wajen Maris da Satumba kuma, da tsakar daren wurin da tauraron yake, rana na zuwa ta bayan duniya haskenta ya kutsa cikin na'urar, zaka ga wani baƙon haske ko an yanke wani ɓangare. GOES-17 shi kuma yana da tasa lalurar ta daban, na'urar sanyaya shi bata aiki yadda ya kamata, tashoshin infared ɗinsa kan lalace da dare a wasu watanni, shi ya sa ma GOES-18 ya karɓe shi a farkon 2023. In ka ga hotonsa ya dagule ba kai bane.

Ka buga kwanan wata da awa da UTC a kusurwar kowane hoto, da sunan tauraron da hukumar da ta bada bayanan. Ba don ado ba, ranar da wani abu ya goce shi zai nuna maka inda yake, kuma EUMETSAT tana da sharuɗɗan amfani da ka amince da su wajen rajista, ka karanta su.

Wajen ajiye hotunan, PNG, da suna mai lamba a jere, hoto_00000, hoto_00001 haka, ba da lokaci ba, kuma kada lamba ta tsallake don ffmpeg yana isa giɓin zai tsaya ya ce ya gama. Kada ka saka bbox_inches='tight', yana sa girman hoto ya bambanta da ɗigo ɗaya biyu gwargwadon rubutun da ke jiki. Ka rufe kowane zane da plt.close() in ba haka ba wajen hoto na ɗari uku ƙwaƙwalwar kwamfutar ta cika. Kuma ka sa kod ɗinka ya duba in hoton yana nan ya wuce shi, don aikin awa shida in ya katse a awa ta biyar kada ka koma farko. Satpy tana iya fitar da bidiyo kai tsaye amma ni ban yarda da wannan hanyar ba, hoto ɗaya ya lalace sai ka sake duka. Sauke fayil, fitar da hoto, goge fayil, ɗauko na gaba, da haka ƙaramin faifai ma zai yi maka aikin wata guda.

Haɗawar ita ce mafi sauƙi a duk tafiyar:

ffmpeg -framerate 24 -i hoto_%05d.png -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p -crf 18 guguwa.mp4

yuv420p ɗin nan kada ka manta shi, in babu shi wasu wayoyi da burauza baƙi zasu nuna, kuma yana buƙatar faɗi da tsawon hoton su zama lambobin da biyu ke raba su, 1920 da 1080 lafiya, 1921 zai ƙi. crf in ka rage lambar inganci ya ƙaru fayil ya yi nauyi. GIF kuwa ka rabu da shi, launi 256 kawai yake ɗauka ga nauyin tsiya. In zaka ɗora a YouTube ko ka tura ta WhatsApp zasu sake matse shi, siraran layukan taswira su ne farkon narkewa, ka ɗan kaurara su. Akwai masu saka minterpolate don ya ƙirƙiro hotunan tsakani bidiyo ya yi santsi. A minti goma-goma yana ɗan yin kyau, a awa uku-uku kuwa gajimare narkewa suke kamar kitse a wuta, kuma ka sani abin da ya ƙirƙiro tauraro bai gani ba, in don nazari ne kada ka kusance shi.

In hannunka ya faɗa da infared sai ka shiga masu launi. Launin gaskiya na rana yafi kowanne ɗaukar ido amma yafi wahala, GOES ma bashi da tashar kore sam, haɗa ta ake yi daga shuɗi da ja da tashar 0.86, Himawari ne ke da koren kansa. Ga gyaran karkatar rana, ga hazon iska da ake cirewa, ga dare da sai ka cike shi da infared. Satpy na da true_color da ke yin yawancin wannan. Gwaji mai daɗi a nan shi ne husufin rana na 8 ga Afrilu 2024, awanni kaɗan ne kawai, zaka ga inuwar wata baƙa ƙirin ta taso daga Pasifik ta ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Akwai kuma haɗin ƙura da ake yi da tashoshin 8.7 da 10.8 da 12.0 na Meteosat, ƙura ta fito ruwan hoda dare da rana, da shi zaka bi babbar ƙurar Sahara ta Yunin 2020 tun daga tashinta, sannan ka karɓe ta da GOES-16 har ta isa Karibiyan.

Wanda ni ya fi burge ni dai shi ne aman dutsen Hunga Tonga na 15 ga Janairu 2022, GOES-17 da Himawari-8 duk sun kalle shi. In ka yi bidiyonsa yadda aka saba zaka ga lemar toka tana buɗewa, to amma gwada wannan: ɗauki tashar tururin ruwa, kowane hoto ka debe na bayansa daga cikinsa, ka zana bambancin kawai da ƴar matsattsiyar iyaka, kamar digiri ɗaya ƙasa ɗaya sama, a kafe. Duk abin da bai canza ba zai ɓace, sai ga zoben girgizar iska yana faɗaɗa yana ratsa faifan duniya gaba ɗaya cikin awanni. Wannan dabarar bata yafiya ko kaɗan, in hoto ɗaya ya ɓace a tsakani ko taswirar ta goce da ɗigo guda, allon gaba ɗaya zai cika da tarkace.

Don haka kada ka fara da ita. Tunda ka riga ka sauke fayiloli, ɗauki na awa shida kawai, hoto 36 na C13, saka vmin da vmax, haɗa su a hoto 12 a daƙiƙa ka samu bidiyon daƙiƙa uku, ka zuba wa teku ido. In bai ƙifta ba sai ka sake shi ya kwana yana yin na sati.